Karsanar Tsohuwa Elsa

Tun da na dawo daga ƙasar Suwidin ban sha ruwa da daɗi a Tambuwal ba. In na zauna a ƙofar ofis a tare ni, in na shiga kasuwa a ja mini riga. In na je Kebbe gaida Inna kuwa abin ya fi, don can har wanzamin da ya yi mini kaciya tambaya yake. Wai da gaske ne ruwa yana daskarewa har mutum ya yi tafiya a kansa? Wai da gaske ne rana takan ƙi faɗuwa? Garba tela, abokina tun muna elementare, shi tambayarsa ɗaya ce kullum: "Umaru, tsakaninka da Allah, mi kac ci can?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in huta. Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya maido ni da ƙafafuna.

Ni malamin dabbobi ne, aikina allurar shanu tsakanin Tambuwal da Jabo da Kebbe. Bayan samun mulkin kai, da aka shiga tura samarin Arewa ƙasashen waje neman ilmi, sai sunana ya fito. Aka ce zan je Suwidin in zauna gidan wani manomi mai shanu daga kaka zuwa kaka, in koyi yadda suke tsare lafiyar garke da yadda suke tanadin ciyawa don lokacin da babu, wasu ranakun kuma in shiga aji.

Na tafi Kebbe neman izinin Baba. Na same shi a bakin garke da yamma, yana zaune kan turmi, tarin da yake fama da shi ya ɗan lafa masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna shanun da sandarsa.

"Ka ga shanun ga? Shekarar da anka haife ka, cutar bushiya tac cinye rabinsu ina kallo. In abin da za ka nemowa shina tsare su, tafi. Amma ji abin da nika gaya ma. Kak ka dawo min da rabin aiki. Ko mutuwata kaj ji, tsaya ka gama. Masu rufe ni suna nan."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ta wagga?"

"Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

Na ce na ɗauka. Inna tana bakin danga tana jinmu. Ita abin da ta ce kawai shi ne, "Ni ba sanyinsu ad damuwata ba. In wani abu yas same ka can, wa ka zamnawa da kai?" Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba.

Daga Kebbe zuwa Tambuwal a kan doki na zo, yayana Sani yana biye da akwatina bisa jaki, don damina ta cinye hanya ba motar da za ta shiga. Daga Tambuwal na hau motar kaya zuwa Sakkwato, a kan ƙirgin shanu na zauna, na isa ina wari kamar majemi. Daga can sai Gusau, inda na shiga jirgin ƙasa har Kano. A jirgin na zauna kusa da wani tsoho mai fataucin albasa. Da ya ji inda za ni sai ya daɗe yana kallona, ya ciro goro ya raba biyu ya ba ni babban ɓarin, ya ce in ci yanzu don can ba zan samu ba. Jirgin sama kuwa ba abin da zan ce game da shi, domin tun daga Kano har Ingila idona a rufe yake, bakina yana salati. A Ingila aka sake mana wani jirgin, wanda ya sauke mu a babban birnin Suwidin.

A nan aka fara. Ma'aikacin kwastan, wani dogo mai jan kunne, ya ce in buɗe akwati. Ya ɗaga riguna ya tarar da ƙunshin kilishin da kawuna ya ba ni. Ya girgiza kai cikin ladabi, ya ce ba a shiga da nama. Ni malamin dabbobi ne, na san gaskiyarsa, amma raina ya bi kilishin nan har cikin kwandon da aka jefa shi. Sai ya kwance ƙullin daddawar Inna. Ya kai hanci, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa. Shi ma ya sansana, suka yi shawara da harshensu. Na ce musu 'ya'yan itace ne, da su muke miya. Dogon ya ɗaure ƙullin da yatsu biyu ya miƙo mini, ya ce in shiga da abina, sai dai yana roƙona kada in kwance a cikin jirgin ƙasa. Daga baya, da na ga irin ruɓaɓɓen kifin gwangwanin da wasunsu suke ci, wanda sai an fita waje ake buɗe shi, na so ƙwarai in koma in nemi dogon nan mu ƙarasa magana.

Mai gidan da aka ba ni sunansa Gunar, ƙauyensu yana arewa da wani gari da ake kira Ufsala. Shi ya tarye ni a tasha. Ya miƙo hannu ya ce, "Hei." Shi ke nan gaisuwar ta ƙare. Ina nan ina jiran ya gajiya, ya hanya, ya ka baro mutanen gida, sai na ga ya ɗauki akwatina ya yi gaba. A gidan akwai matarsa Birita, wadda ta taɓa koyarwa, ita ta fi kowa jin Turanci, da 'yarsu Karin, sai uwarsa, tsohuwa Elsa, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya sai harshensu. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne takalma da na gani jere a bakin ƙofa. Na ce a raina, to, mutanen da suke tuɓe takalmi kafin su shiga ɗaki ba za a rasa abin kirki a wurinsu ba.

Da yamma Birita ta jera abinci ta tambaye ni ko zan ci. Na yi abin da aka koya mini tun ina yaro, na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, na ƙoshi." Sai na ji ta ce to, ta ɗauke farantin da ta ajiye mini. Wallahi ta ɗauke. Na zauna ina kallonsu suna ci, cikina yana kuka, ina jiran a sake tayi, ba a sake ba. Ranar da sauran goron mai albasa na kwana.

Washegari da hantsi aka ajiye aiki aka taru a teburi. Wannan al'ada tasu sunanta fika, sau biyu ake yi kullum, ko saniya tana naƙuda sai an sha gahawa da ɗan abin taɓawa. Aka miƙo mini farantin burodi mai zaƙi, bakina ya sake cin amanata, na ce na gode. Faranti ya wuce. Tsohuwa Elsa tana kallona ta saman tabarau. Ta jawo farantin ta turo gabana, na girgiza kai. Ta sake turowa, na sake girgizawa, amma da rauni. A na uku sai ta ɗauki guda ta kama hannuna ta danƙa mini, ta faɗi wata magana da ta sa Gunar ya ajiye kofinsa. Birita ta fassara mini, fuskarta ta yi ja. Wai tsohuwa ta ce a zamaninsu baƙo mai tarbiyya ba ya karɓar abinci sai an matsa masa, 'ya'yan yanzu ne suka watsar da wannan, ga shi sun bar ɗan mutane ya kwana da yunwa. Ashe da can suna da alkunya irin tamu. Tun daga ranar na ɗauke ta kaka, nake ce mata matata kamar yadda muke tsokanar kakanninmu. Da aka fassara mata ta yi dariya har da tari, ta ce sadakinta saniya ce.

Sun yi mini abin da ba zan manta ba, kuma ba tare da surutu ba. Birita ta ga ina salla a kan tawul, kashegari na tarar da 'yar darduma ta saƙar hannu a ɗakina da butar ƙarfe. Gunar ya shimfiɗa taswira a teburi muka nemo alƙibla, ya buga ƙusa a bango don kada in ɓata. Da suka ji ba na cin naman alade aka saya mini tukunya da kasko nawa ni kaɗai. To Garba, ga amsarka: kifi da dankali na ci, in an gaji a ba ni dankali da kifi. Madara kuwa sai wadda na ture.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shirunsu. Mutum huɗu su zauna a teburi, ba faɗa aka yi ba, ba kowa ya mutu ba, amma ba ka jin komai sai ƙarar cokali. In saura guda ɗaya a faranti ba mai ɗauka. Wani ya yanki rabi, wani ya yanki rabin rabin, har abin ya koma kamar farce, shi ma a bar shi. Mu a gida yaro ake bar wa kwano ya suɗe, su kuwa faranti suke bar wa. Ba a zuwa gidan mutum sai an sanar da shi. In an ce ƙarfe shida, za ka ga baƙi tsaye a tsakar gida cikin sanyi suna duban agogo, ba za su ƙwanƙwasa ba sai ta cika.

Akwai maƙwabcinmu Nils, dattijo mai shanu kamar Gunar. Ranar da na fara gamuwa da shi a hanya na ce bari in nuna masa ɗan gidan mutunci ne ni. Na tambaye shi lafiyarsa, da ta uwargida, da yara, da sanyi, sannan na ce, "Ya shanu? Suna lafiya dai ko?" Mutumin nan ya yi fari fat, ya juya da sauri. Ashe gidan Gunar ya nufa yana tambaya ko wata cuta ce ta shigo ƙauyen, tunda likitan dabbobin nan na Afirka ya tsare shi yana bincike a kan garkensa. Abu ɗaya na samu wanda ya yi daidai da namu. In ka ci abinci a gidan mutum, duk ranar da kuka sake haɗuwa sai ka fara yi masa godiyar wancan zaman kafin kowace magana. Na ce wa Birita ai wannan ban gajiya ne, mu ma muna yi.

Da sanyi ya kai sanyi, rana ta koma leƙowa kawai take ta koma. Wata asuba, na idar da salla ke nan ina zaune kan darduma, sai na ji waƙa tana hawowa bene a hankali. Ƙofa ta buɗe. Na ga mace cikin farar riga har ƙasa, wuta tana ci a kanta. Ban tsaya tambaya ba. Na ce innalillahi, na fizgi bargo na yi kanta zan kashe wutar. Gunar ne ya tare ni da ƙirji, gahawa ta zube, burodi ya watse. Ashe Karin ce, kyandirori ne aka jera mata a kan wani kambi. Bikinsu ne na tsakiyar duhu, Lusiya suke ce masa, 'yar gida takan yi wannan shiga ta kai wa mutanen gida haske da gahawa da wani burodi rawaya. Don girmamawa suka fara da ɗakina. Ranar na ga Gunar yana dariya har yana dafa bango, ban taɓa sanin yana da haƙora da yawa haka ba.

Bikin Kirsimati kuwa tun jajibere suke yinsa. An cika teburi, nawa kifin yana gefe a farantinsa. Aka dama kunun shinkafa da madara aka jefa wata 'yar ƙwaya mai kama da gyaɗa a ciki, wai wanda ya tsince ta zai yi aure kafin shekara ta zagayo. Ni na tsince ta, na kusa karya haƙori. Na dubi tsohuwa na ce to matata, sai ki shirya. Bayan an gama ta zuba kunun a ƙaramin kwano, ta sa man shanu a kai, ta ce in raka ta ɗakin shanu. Wai akwai wani ɗan tsoho mai jar hula da yake tsaron dabbobi, in ba a ba shi rabonsa ba sai ya yi fushi. Na ce a'uzu billahi a zuciyata, amma na riƙe mata fitila, don ko a Kebbe na san gidajen da ake ajiye wa mutanen ɓoye nono a gindin tsamiya. Da safe na ga kyanwar gidan tana lasar baki, ban gaya wa kowa ba.

Bayan bikin da 'yan makonni, muna cikin ba shanu ciyawa, Birita ta shigo da takardar waya a hannu. Daga Sani ce, ta biyo ta ofishinmu na Sakkwato. Baba ya rasu, an yi jana'iza.

Gunar ya cire hula, ya kama hannuna ya matse, ya faɗi kalma biyu, ya ce in bar aiki sai na ji dama. Na hau ɗakina. Na yi abin da na san ana yi. Na ture kujera gefe, na shimfiɗa bargo a ƙasa yadda mutane za su sami wurin zama, na buɗe ƙofa, na zauna da tasbaha ina jiran masu gaisuwa.

Na ji tafiya a bene, na gyara zama. Birita ce. Ta ajiye tire a bakin ƙofa, ba ta ko dube ni ba, ta jawo ƙofar a hankali ta rufe. Na tashi na buɗe. Can Karin ta zo wucewa a kan yatsun ƙafa, ta rufe. Na sake buɗewa. Gunar ya hawo, ya tsaya jim, na ji numfashinsa, shi ma ya rufe ya sauka. Gidan ya yi tsit, ko rediyo ba a kunna ba. Ta taga na hangi Nils ya zo daidai gidan, ya dubi sama, ya cire hula, ya wuce abinsa. Na ga tutar da ke tsakar gida ta tsaya a tsakiyar sanda, na ce ko igiyar ce ta sarƙe, ba wanda ya damu ya gyara.

Na san yadda ƙofar gidanmu take a Kebbe a wannan lokacin. Tabarmi har bakin hanya, mutanen Jabo da na Tambuwal da Fulanin daji suna sauka, wannan ya tashi wannan ya zauna, Sani yana amsa ya haƙuri har muryarsa ta dushe. Ni kuwa ga ni, ɗan Baba na cikinsa, ko mutum ɗaya bai ce mini ya haƙuri ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushinsu. Na ce ashe duk kirkin nan na fatar baki ne. Maganar Inna ta yi ta dawo mini. A rana ta biyu da la'asar na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na fara ninke riguna. Ina ninkewa ina jin muryar Baba tana cewa kak ka dawo min da rabin aiki, hannuna kuwa bai tsaya ba.

Sai na ji sanda tana bugun matakala. Tsohuwa Elsa ba ta hawa bene saboda gwiwa, ban taɓa ganinta a sama ba. Ta daɗe kafin ta iso. Ta kama marfin ƙofar za ta rufe kamar sauran, sai ta tsaya. Ta dubi bargon da ke shimfiɗe, ta dubi akwatin, ta dube ni ta saman tabarau kamar ranar burodi. Ta ɗaga murya ta kira Birita, kiran da ban san tana da ƙarfinsa ba.

Birita ta hawo da gudu. Tsohuwa ta yi mata magana, ita kuma ta juyo gare ni. "Wai in tambaye ka, me ya sa kake ta buɗe ƙofa?"

Na ce, "Don masu zuwa gaisuwa su shigo."

"Su wa?"

"Kowa. A wurinmu in an yi wa mutum mutuwa ba a barinsa shi kaɗai. Zuwa ake a zauna da shi. Ko ba a ce komai ba, a dai zauna."

Birita ta dafe baki. Ta ce, "Umaru, mu kuwa ca muke ba abin da mai baƙin ciki yake so kamar a ƙyale shi. Gunar ya hana kowa motsi don kada a dame ka. Nils ya so ya shigo, muka ce ya bari. Ba ka ga tuta ba? Don mahaifinka aka sauke ta. Ba ma yin haka sai in na gida ne ya mutu."

Kafin ta gama tsohuwa ta jingine sandarta, ta dafa kafaɗata, ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a kan bargon. Ta ce a tambaye ni me kuma ake yi. Na ce a rana ta uku ana addu'a, a toya masa a raba sadaka. Na kwatanta musu masa da hannu, da irin kaskon da ake toya ta mai ramuka. Tsohuwa ta ce a ɗaga ta. Muka sauka da ita madafa, ta buɗe wani kabad ta jawo baƙin kasko na ƙarfe mai ramuka zagaye. Wallahi tanda ce, ba abin da ya raba su sai dai tasu ba ta da zurfi. Su ma suna toya wasu 'yan wainoni a ciki. Na riƙe kaskon nan, hawayen da ban yi ba tun zuwan waya suka zubo.

Washegari aka kwashe kujerun babban ɗaki aka shimfiɗa barguna. Tun safe ni da tsohuwa muke tuya, ita tana zuba ƙullu ni ina juyawa. An ce wa maƙwabta ƙarfe uku. Saura kaɗan ta cika na leƙa, ga su tsaye a cikin ƙanƙara da baƙaƙen kaya, maza da mata, suna duban agogo. Suka shigo, suka tuɓe takalma, suka zazzauna a ƙasa, manyan mutane waɗanda rabonsu da zaman ƙasa tun suna rarrafe. Birita ta koya musu abin da za su ce. Kowa ya zo gabana ya miƙo hannu ya ce, "Ya hakuri," da irin harshensu. Ni kuma ina amsawa, haƙuri sai ma'aiki, kamar ina ƙofar gidanmu.

Sannan suka yi shiru. Shirun nan da na yi wata da watanni ina ƙorafi a kansa, ranar na san amfaninsa, don ba wanda ya iya zaman makoki kamarsu. Can sai Nils ya yi gyaran murya, ya ce a tambaye ni, shanun mahaifina wane iri ne. Na ce farare ne masu gajeren ƙaho da tozo. Ya ce suna da sunaye? Na shiga lissafa masa su, da halin kowace, da yadda Baba yake kiransu daga nesa su taso, da shekarar da bushiya ta cinye rabinsu yana kallo. Da Birita ta fassara wannan sai na ga mazan nan duk sun sunkuyar da kai, domin kowannensu ya san abin da ake nufi da mutum ya tsaya yana kallon garkensa yana faɗuwa. Na gaya musu alkawarin da na ɗaukar masa. Gunar ya tashi ya hau bene, na ji yana tura akwatina ƙarƙashin gado.

Na ɗaga hannu na yi wa Baba addu'a da Larabci da Hausa. Ba su san abin da nake faɗa ba, amma da na shafa sai na ji ɗakin gaba ɗaya ya ce amin. Ashe kalmar tasu ce su ma. Aka raba masa, aka sha gahawa, har saura guda ɗaya a faranti. Na ga Nils ya ɗauki wuƙa zai raba. Na ce a gaya masa wannan sadaka ce, ba a barin saura. Ya dubi jama'a kamar wanda aka ce ya yi sata a kasuwa. Tsohuwa ta tura masa farantin, ya girgiza kai, ta sake turawa, a na uku ta danƙa masa a hannu, ya cinye.

Bayan kwana biyu na bi su gida gida ban gajiya, ban sanar da kowa ba, kuma ba wanda ya bar ni a waje. Tun daga nan in na gamu da Nils shi yake fara tsayawa, ya tambayi lafiyata, ya yi ɗan tunani, ya ce, "Ya shanu?"

Na tsaya na gama. Na ga narkewar ƙanƙara da fitowar shanu daga ɗaki suna tsalle kamar maruƙa. Na ga bikinsu na tsakiyar bazara, lokacin da rana take ƙin faɗuwa har na rasa inda magariba ta tsaya isha ta fara. Sukan kafa dogon itace su naɗe shi da ganye da furanni, babba da yaro su kewaye shi suna tsallen kwaɗo. Gunar da kansa, mai gemu, yana tsallen kwaɗo. Ni ma an ja ni na yi, kuma duk wanda ya tambaye ni in gwada masa a Tambuwal ba zan yi ba. Ranar da zan taho tsohuwa ta rako ni har bakin ƙofa, ta ce a gaya mini har yanzu ba ta ga saniyar sadakinta ba.

Na iso Kebbe da yamma, shanu suna dawowa. Na fara zuwa kushewar Baba tare da Sani, na gaya wa Baba na gama. Sannan na shiga wurin Inna. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, muka yi kuka muka share. Ba ta tambaye ni ƙanƙara ba, ba ta tambayi takardar shaidar da na zo da ita ba.

Ta ce, "Da labari yas same ka, wa yaz zamna da kai?"

Na ce, "Mutane da yawa, Inna." Na lissafa mata su, Gunar da Birita da Karin da Nils da sauran maƙwabta. Na ba ta labarin ƙofa, da tuta, da tanda, da tsohuwar da ta hau bene da ciwon gwiwa ta zauna a ƙasa.

"Ƙasa taz zamna? Da tsufanta?"

"Ƙasa, Inna."

"Kuma ta toya mai masa?"

"Da hannunta."

Sai ta tashi ta ɗauki mayafi ta ce in biyo ta. Muka je bakin garke, inda turmin Baba yake har yanzu. Ta nuna wata farar karsana cikin shanun da suka zo rabonta na gado, ta kira Sani ta ce ya shaida.

"Wagga ta tsohuwar ta. Ba a sai da ta, ba a yanka ta. Abin da tah haifa duk nata na. Ka aika mata, ka ce matar mamacin tana ban gajiya."

Na ce, "Inna, ai ba ta iya zuwa ɗauka."

"Na sani. Mu ka tsare mata."

Na aika, an kuma karanta wa tsohuwa ta ji. Karsanar tana nan a Kebbe, bana ta yi haihuwar fari. Duk wanda ya je garkenmu da yamma ya tsaya a bakin danga, zai ji Inna tana kiran Elsa, farar saniya tana ɗago kai.